Jinjina ga Mai Motar Tsere da Kuɗin Adashi

Kowane zamani da jarumansa, kuma a namu babu wanda ya cancanci kirari kamar matashin da ya haɗa kwasar adashi da kuɗin filin gado da rancen abokai ya sayi tsohuwar motar tsere. A duba lokacin da ya zaɓa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000 a garuruwa da yawa. Masu manyan albashi suka jingine motocinsu suka koma hawa adaidaita sahu. Shi kuwa gwarzon namu a nan ne ya ga dama ta samu, domin mai tsohuwar motar ya matsu ya rabu da ita, har ragi ya yi masa. Wane mutum!

Ba kuma kowace mota ya saya ba. Nissan 350Z ce, wadda aka fara fitarwa a 2002, mai silinda shida da ƙarfin doki 287 a farkon fitowarta, irin wadda aka yi ta juyi da ita a fim ɗin Tokyo Drift na 2006. Waɗanda suka ƙera ta sun yi ta ne don shimfiɗaɗɗun titunan Japan da Amurka, shi ya sa cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Wannan kuwa alheri ne ga unguwa. Duk tudun rage gudun da ya yi tsayi, motar ce ke kankare shi kyauta, a karkace, cikin nutsuwa, masu babura na bayanta suna danna ham don nuna goyon baya. Tana iya gudun da ya ninka kilomita 100 ɗin da doka ta yarje wa ƙananan motoci a babbar hanya, kuma yana more wannan baiwa sosai a cunkoson Kantin Kwari.

Kujerunta biyu rak, kuma nan hikimar take. Mai mota a gidan yawa bawan kowa ne: kai gwaggo asibiti, ɗauko yara daga Islamiyya, rakiyar amarya. Gwarzon namu ya yanke wannan wahala daga tushe. But ɗin ma an gindaya masa wani ƙarfe a tsakiya don ƙara wa motar ƙarfin jiki, saboda haka buhun masara ya san ba wurinsa ba ne. Ranar suna uwargida da jariri za su bi adaidaita, maigida ya yi gaba ya sanar da isowarsu da ƙarar salansa.

A fannin kula da lafiyar mota ne ya zarce sa'o'insa. Littafin motar ya ce a ba ta fetur mai daraja ta sama. Gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa, shi kuma don kauce wa layi yakan sayi galan guda a wurin ɗan bumburutu, wanda ya san sirrin da ke cikin jarkarsa. Baƙin mai kuwa na awo ne, a gorar ruwa, kuma ba a juye shi sai ya yi kauri, don an ce mai tsufa ya fi sanin hanyoyin inji. Da injin ya soma zafi ya garzaya gareji. Bakanike ya buɗe, ya girgiza kai, ya ciro wani ɗan ƙarfe mai daidaita zafin ruwa ya jefar.

"Oga, ai wannan na ƙasar sanyi ne. Mu nan sai dai a haɗa fanka kai tsaye."

"Allah ya saka da alheri, Malam. Ni ma na faɗa, Turawan nan ba su san ranarmu ba."

Aka cika lagireto da ruwan rijiya, aka tashi lafiya. Injiniyoyin da suka ɓata shekaru suna lissafin zafin da inji ke buƙata don ya ƙone mai daidai, ga shi an warware musu matsalar cikin minti goma da filaya ɗaya. Fitilar gargaɗi da ta kama a gaban sitiyari ma ba ta gagara ba: ɗan baƙin salatif aka liƙa mata, ta yi shiru har yau. A asibiti ma da za a koyi wannan dabara, da an rage cunkoso.

Sai batun ƙara wa mota daraja, inda basirarsa ta fi fitowa. Akwai wani abu a cikin salansa da bakanikai ke kira indomi, mai tace gubar hayaƙi, kuma yana da tsada saboda ƙarafa masu daraja irin su filatinam da ke cikinsa. Gwarzon namu ya sa aka fasa aka sayar, da kuɗin ya sayi fitilu masu launin shuɗi na ƙarƙashin mota, da fiffiken baya na roba, da sitika mai rubutun Japananci da babu wanda ya san abin da ta ce. Riba biyu kenan: motar ta yi kyau, ƙararta kuma ta ninka. Yanzu duk wanda ya makara sallar asuba a layinsu shi ya so, domin tun ƙarfe biyun dare ake tashinsa. Hayaƙin kuwa ana raba shi daidai wa daida tsakanin mai shayi, mai ƙosai da yaran makaranta, babu wanda aka ware.

Tayoyi ma ya yi musu tsari. Na baya sun fi na gaba faɗi a wannan mota, ga shi dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024 bayan an saki darajar naira, saboda haka sababbi sai masu almubazzaranci. A Ƙofar Ruwa ko Fantekar Kaduna akwai 'yan Beljiyam, waɗanda suka ga duniya suka yi ritaya a Turai kafin su zo mana. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma jami'an kiyaye haɗurra sun sha yin gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara huɗu. Shi ba ya duba wannan, don tonon asirin dattijo rashin tarbiyya ne. Da waɗannan tayoyin yake zuwa wasan mota ranar ɗaurin aure, ya yi ta juyi a tsakiyar jama'a, ƙura ta tashi, yara na tafi a taku biyar daga inda birkin da aka yi wa ciko yake ƙoƙarin tuna aikinsa. Jakar iskar da ke sitiyari ta riga ta fashe tun a Amurka, an ɗinke wurin tsaf, don haka ya dogara ga Allah kaɗai, ya kuma sa 'yan kallo su ma sun dogara ba tare da an tambaye su ba.

Masu hassada na cewa araha ba ta ado, wai motar ta fi daɗewa a gareji fiye da kan titi. Ba su lura da yawan bakin da take ciyarwa ba. Mai walda ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki. Mai faci ya sake rufin shago. Direban janwe ya haddace lambar wayarsa, har barka da Juma'a yake turo masa. Kuɗin cefane da na makarantar yara ne suka ɗan yi haƙuri, mai kanti kuma ya buɗe masa shafi na musamman a littafin bashi. Hajiyarsa ta daina tambayar inda kuɗin filin ya shiga, tunda tana ganinsa kullum a ƙofar gida, an ɗora shi a kan bulo huɗu.

Mafi girman halinsa shi ne ba ya riƙe alheri shi kaɗai. Ranar da gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai, bakanike ya faɗi kuɗin wani injin, gwarzon namu bai yi baƙin ciki ba. Ya sa aka wanke ta, aka shafe kurajen jikinta da fenti, aka ɗauke ta hoto ta gefen da bai lotsa ba, ya sa a Facebook: lafiya lau, ba abin da za ka gyara, tafiya ce ta taso wa mai ita. A yanzu haka akwai wani ƙanenmu da kwasar adashinsa ta zo ƙarshen watan nan, kuma an ce ya riga ya kira sau uku yana roƙon kada a sayar wa kowa.