"Ai Jari Ne," In Ji Mai Ferrarin da Ba Ta Fita

Kalma ɗaya ce ta hana ni sakat a makon nan, wato "jari". Duk tallan tsohuwar motar tsere 'yar Italiya da idonka zai faɗa a kai, daga na dillalan Landan har na gidajen gwanjon Kalifoniya, sai ka tarar an manna mata wannan kalma kamar lambar mota. Mota ta shekara arba'in a duniya, tana tsiyayar da baƙin mai a daɓen gareji dare da rana, amma wai jari. Mai saye kuwa ya haddace karatun sarai, don ya san akwai ranar da uwargida za ta tsaya a bakin gareji, ta riƙe ƙugu ta ce, "Maigida, wannan kuma fa?" Sai ya gyara murya, ya shafi jan fentin nan da bayan hannu, ya ce, "Ai jari ne."

To, mu bi maganar a hankali. Jari dai abu ne da ke aiki ya kawo riba. Saniya tana ba da nono, gona tana ba da hatsi, gida yana kawo kuɗin haya, ko tsohuwar Fijo da ta gaji tana iya kwasar fasinja ta ciyar da gida. Ita tsohuwar Ferrari ci take yi tana tsaye. Ɗauki F355, wadda aka ƙera daga 1994 zuwa 1999. A jikin injinta akwai bel na roba mai haƙora, wanda ke daidaita buɗewa da rufewar bawul. Idan ya tsinke inji na aiki, fistin ya haɗu da bawul, an gama, sai dai a yi wa aljihu ta'aziyya. Don haka dole a sauya shi duk bayan 'yan shekaru, ko an hau motar ko ba a hau ba, domin roba kalanda take kallo, ba ruwanta da tafiyar da aka yi. Bel ɗin kansa ba wani kuɗi ba ne. Matsalar ita ce inda mutanen Ferrari na Maranello suka ga dama suka sa shi: can a lungu, a matse da bangon da ke bayan kujerun. Hanyar da kamfanin ya tsara ta kai hannu gare shi ita ce a ɗaga motar, a kwance wayoyi da bututai, a sauko da injin gaba ɗaya ƙasa. Haka Testarossa, haka 348. Wato kamar mai son sauya mazagin wando, aka ce sai an rushe ɗaki tukuna. Aikin yana cin dubban daloli, kuma da makaniki ya ga inji a ƙasa ba ya rasa abin faɗa: "Ranka ya daɗe, tunda an riga an sauke, gara a duba famfon ruwa, ga kuloci ma ya yi nisa." Sai a 1999, da 360 Modena ta fito, aka yi wata 'yar ƙofa a bayan kujeru da za a iya kai hannu ta nan. Hikimar yin taga ta ɗauke su shekara da shekaru.

Kuɗin saye sadaki ne kawai, kuma kowa ya san ba sadaki ke karya mai aure ba, cefane ne. Abin da ke jawo mai matsakaicin ƙarfi cikin ramin shi ne akwai masu arahar sadaki. Ferrari Mondial, mai kujera huɗu, da aka yi daga 1980 zuwa 1993, ta daɗe tana riƙe da sarautar mafi araha a gidan. Maserati Biturbo, wadda ta fito a 1981, ta taɓa faɗuwa har ta koma kuɗin motar kai yara makaranta. Sai dai kayan gyara ba su da labarin cewa motar ta talauce. Su har gobe farashin gidan sarauta suke yi. Ga inshora, ga kuɗin ɗakin ajiya marar laima, ga taya da ke bushewa ta tsattsage tana tsaye, ga batir da sai an bar shi a jone da wuta kamar majinyaci a kan ƙarin ruwa, ga fetur da ke lalacewa a tanki idan ya daɗe. Ga kuma tsatsa, wadda ta yi wa motocin Italiya na shekarun 1970 riƙon ɗan fari. Alfasud, da aka ƙera a Pomigliano d'Arco kusa da Napoli, ta yi suna wajen daɗin tuƙi da saurin ruɓewa a lokaci guda. Lancia Beta kuwa, abin ya kai a 1980 kamfanin yana sayen motocinsa daga hannun masu su a Ingila saboda tsatsa ta cinye inda injin ke zaune. Araha ba ta ado, amma ba a taɓa jin arahar da ke aiko da takardar biya duk wata ba sai a wannan sana'a.

Za a ce da ni, to Ferrari 250 GTO fa? Lallai kam. An sayar da ita sabuwa a Amurka kan dala 18,000, a 2018 kuma aka buga wa guda ɗaya ƙararrawa a gwanjon Monterey kan dala miliyan 48.4, a 2023 wata 'yar'uwarta ta haura miliyan 51 a New York. Ba mai musun wannan. Amma GTO guda 36 kacal aka yi tsakanin 1962 da 1964, kuma sun ci tsere na gaske. F355 an yi sama da 11,000. Mai Mondial da ke kafa hujja da GTO daidai yake da mai jaki da ya ji farashin ingarman sarki, ya koma gida yana kallon jakinsa da sabon ido, don shi ma ƙafa huɗu gare shi, kuma ga wutsiya.

Za a ƙara cewa ai ba GTO kaɗai ta tashi ba, kuma a nan akwai ƙamshin gaskiya. Dino 246, wadda Enzo Ferrari bai ma sa mata sunan gidan ba, ya sa mata na ɗansa Alfredo da ya rasu a 1956, yau kuɗinta ɗaruruwan dubban daloli ne. Masu giyar hannu ma sun yi daraja tun da kamfanin ya daina yin su. Na yarda. Amma mai ba da labarin riba kullum lamba biyu yake faɗa, nawa ya saya, nawa ya sayar. Ba ya faɗin sau nawa aka sauke inji a tsakani, ko shekara nawa ya yi yana biyan inshora da haya, ko la'adar gidan gwanjo, wadda ke kai kashi goma cikin ɗari ko fiye a kan mai saye kaɗai. Kuma ba ya tuna 1989. Bayan Enzo ya rasu a watan Agustan 1988, kasuwa ta haukace, mutane suka riƙa cin bashin banki suna sayen duk abin da ke da hoton baƙin dokin nan na Ferrari, F40 ta riƙa sauya hannu kan ninkin-ba-ninkin kuɗinta na kamfani. Farkon shekarun 1990 kasuwar ta rufta, masu jari suka wayi gari da mota a gareji da banki a ƙofar gida. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Su ma waɗancan, kafin su yi tsallen, "jari ne" suka ce wa matansu.

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne dokar da ke riƙe da kasuwar gaba ɗaya: iya ƙarancin tafiyar mota, iya tsadarta. Kowace kilomita da ta hau kan mitar nan ragin kuɗi ce. Saboda haka mutum ya sayi abin da aka ƙera don gudu, sannan ya ɗaure shi don kada ya yi gudu, sannan ya biya makaniki ya gyara ɓarnar da rashin gudun ya jawo, don robobin da ke tare mai bushewa suke yi idan mota ta daɗe ba ta motsa ba. A ƙarshe ba motar ake saye ba ma, fayil ake saye. Dillali zai buɗe maka kundin rasit mai kaurin tubali, yana juya shafi da ladabi kamar mai karanta wasiyya, kuma duk wata shaidar wahalar da mai ita na baya ya sha ƙarin daraja ce. Tun 2006 ma kamfanin Ferrari ya buɗe sashen Classiche, inda za ka kai motarka, ka biya, a duba lambar inji da ta giya a ga ko su ne na asali, a ba ka jan littafi mai tabbatar da cewa Ferrarin da Ferrari ta ƙera lallai Ferrari ce.

Wanda ya bi wannan dokar har ƙarshenta zai iso watan Agustan 2023, a Monterey, inda aka shigo da wata Ferrari 500 Mondial Spider ta 1954, ba Mondial ɗin nan mai araha ba. In ce mota, na yi ƙarya. Ƙwarangwal ne da ya yi hatsari ya kuma ci wuta shekaru da dama baya, ya lanƙwashe, ya yamutse kamar gwangwanin madara da tirela ta bi ta kai, babu fenti, babu kujera, babu gilas. Aka saye shi dala miliyan 1.875. Da 'yan gwangwan ne suka tsince shi, a sikeli za su ɗora, su cire nauyin ƙasar da ta maƙale, su ba yaro kuɗin shayi. An yi ta yi wa mai sayen dariya, ni kuwa ina ganin shi kaɗai ne ya fahimci karatun. A ranar da ya saya, babu wata tsohuwar motar Italiya a duniya da ta kai tasa cika sharuɗɗan jari. Bel ba zai tsinke ba. Batir ba zai mutu ba. Taya ba za ta tsage ba. Mita ba za ta ƙara ko taku ɗaya ba. Tsatsa ma idan ta zo sai dai ta yi sallama ta koma, don an riga ta. Ɗansa ba zai saci makulli ya fita da ita da daddare ba. Ɓarawo ya hauro katanga ya haska tocila, tausayi ne zai kama shi, wataƙila har ya ajiye ɗan wani abu a kai kafin ya fita. Idan gobara ta tashi a garejin, ita kaɗai ce za ta fito yadda ta shiga. Abin da aka biya wa miliyoyin nan shi ne lambar da aka buga a jikin ƙarfen da tarihin da ke bayanta, sauran duk rakiya ne. Ko a 2015 an ga irin wannan a Faris, lokacin da aka sayar da wata 250 GT California Spider, da aka tono daga ƙarƙashin tarin tsofaffin mujallu a wata rumfa a yammacin Faransa, kan sama da yuro miliyan 16, kuma aka kawo ta zauren gwanjo da ƙurarta. Ƙura ma ta shiga farashi. Wanda duk ya kuskura ya goge ta da tsumma, ya yi wa magada ɓarna.

Saura hujja ta ƙarshe, wadda ita ce kaɗai mai nauyi: kuɗinsa ne, kuma yana son abin. Madalla. To ya faɗi haka mana. So ba laifi ba ne, kuma duk wanda ya taɓa jin kukan inji mai silinda goma sha biyu yana hawa ya san akwai dalili. Mai dokin hawan sallah yana ciyar da shi dawa da harawa shekara guda don kwana biyu ko uku na kilisa da ado, bai taɓa ce wa kowa jari ne ba, kuma aƙalla dokin yana ganin rana. Abin da ba na iya haɗiyewa shi ne a ɗauki aikin maƙeran Modena, waɗanda suka bubbuge falankin alminiyam da guduma har ya zama siffar da ake kallo a yi shiru, a lulluɓe shi da mayafi a ɗaki mai sanyi kamar gawa a mutuware, ana jiran farashi. Enzo ya sayar da motocin titi ne don ya sami kuɗin tsere. Yanzu masu lissafi sun tura farashi inda mai son tuƙi ba zai kai ba, su kuma da suka kai tsoron tuƙin suke yi.

Kuma tunda an zo maganar tuƙi, wataƙila tsoron nasu yana da tushe. Lamborghini Countach, wadda hotonta ya cika ɗakunan samari a shekarun 1980, tagar bayanta ba ta wuce ramin jefa wasiƙa ba. Hanyar da aka saba yin ribas da ita ita ce direba ya ɗaga ƙofar nan mai buɗewa sama, ya fito da rabin jikinsa ya zauna a dokin ƙofa, ƙafa na ciki tana lallaɓa kuloci mai taurin tsiya, wuya a murɗe yana leƙen baya ta saman rufi. Attajiri guda, da agogon zinariya, yana reto a gefen mota kamar kwandastan bas mai kiran fasinja. Ferruccio Lamborghini da tarakta ya fara kafin ya kafa kamfanin mota a 1963, kuma taraktocinsa ana ganin baya sarai daga kan kujera. Sai kuma maɓallan cikin Ferrari da Maserati na shekarun 1990 zuwa 2000, da aka shafa musu wani rufi mai laushi don yatsan mai kuɗi ya ji daɗi. Da shekaru suka ja, rufin ya narke ya koma danƙo. Ka danna na sauke gilas, ka ɗago yatsa baƙi ƙirin kamar ka taɓa kwalta da tsakar rana, ka shafa a farar riga. Har sana'a ta tsiro a kan wannan: akwai masu shagon da aikinsu ke nan, a ciro maɓallan ɗaya bayan ɗaya, a aika musu a kwali, su kankare su sake fenti, su maido. Rasit ɗin kuwa ba a yarwa. A fayil ake sa shi, kusa da na bel.