Lasisin Wolverhampton, aiki a Manchester

In ka kira motar haya ta waya a Manchester, kada ka yi mamakin ganin lasisin Wolverhampton a jikinta. Wataƙila rabon direban da Wolverhampton tun ranar da ya karɓo takardar lasisin. Wata dokar 2015 ce ta sassauta iyakar aiki tsakanin garuruwa, direbobi suka ruga inda lasisi ke fita da sauri da araha.

Ga direban nan yana jiranka, taya biyu a kan hanyar masu ƙafa. Landan ta hana wannan tun 1974, Edinburgh kuwa tarar fam 100 take ci. A Manchester fa? Mai keken guragu ya gangara kwalta, in ya tsira daga bas ya aika ƙorafi can Wolverhampton. Allah ya ba shi haƙuri.