Yaronmu Ya Ce Wa Babban Jirgi A Kai Kasuwa

Matso kusa, ɗan uwa, kada masu citta su ji mu. Tun kasuwar Alhamis maganar nan take yawo a Kasuwan Magani, daga rumfar mai shayi har tashar motar Kachiya. Wai yaron nan namu na Kudancin Kaduna, matuƙin jirgin sama, an yi masa tayin babban jirgi mai ƙetare teku, ya ce a kai kasuwa. Jirgin da ake karɓar alawus da kuɗin waje fa! Kawunsa ya rantse an yi masa sammu. Gwaggonsa ta ce matar ce ta hana. Sunan kamfanin? Haba dai, ni ma ina son kaina.

Ba sammu ba ne. Lissafi ne.

Su waɗannan mutane ba kuɗi kaɗai suke dubawa ba, rosta suke dubawa. A Amurka abin a fili yake: ranar da aka ɗauke ka aiki, ranar aka ba ka lamba, kuma da lambar nan za ka nemi jirgi, da kujera, da garin zama, da ranakun hutu, wata bayan wata. Kamar layin lodi a tasha, wanda ya riga shi ke zaɓe. Biyansu a kan sa'a ne, babban jirgi ya fi tsoka. A 2023 matuƙan kamfanin jiragen Delta sun tsinci yarjejeniyar ƙarin kashi 34 cikin ɗari, da za a yi daki-daki. Amma ka san abin da ba a faɗa da ƙarfi? Wanda ya yi tsalle ya kama babban jirgi da ƙaramar lamba, shi ne ƙurar baya. Zaman jiran kira, waya a aljihu, jaka a bakin ƙofa. Wanda ya yi zamansa a ƙaramin jirgi ya zama babba a can, shi ke kwana gida.

A nan kuwa? Hmm. Layin bai miƙe haka ba. Akwai daɗewa a aiki, akwai kuma wa ka sani a ofis. Wannan dai mu bar shi.

Dubi masu jigilar alhazai. Boeing 747 irin wadda Kabo ya yi tashe da ita a da, Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal ya ɗora. Kowa na sha'awar matuƙinta. To amma tsakanin kai alhazai da kwaso su, ragon layya ma da gudu ake cinsa. Da an gama kuma, jirgi ya kwanta, sa'o'i su tsaya. Doka ba ruwanta: sai ka yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90, in ba haka ba ka koma na'urar gwaji kafin ka sake ɗaukar fasinja. Shi kuwa mai 737, ko ƙaramar Embraer irin ta Rano Air, Kano, Abuja, Legas, sauka huɗu a yini ba labari ba ne. Gajiya ce, musamman in hazo ya toshe gari a Disamba, amma littafinsa cika yake yi.

Ga Disambar ma. Lokacin ne kowa ke tafiya, hutu ya fi zinariya tsada. Ɗan Kafanchan da ke son Kirsimeti a gida, ya zarce bikin Afan a Kagoro ran 1 ga Janairu, sai ya zama mai faɗa a ji a rukuninsa. Sabon shiga a jirgin Landan, irin hanyar da Air Peace ta buɗe a Maris 2024, wa zai ba shi?

Yanzu ga naman maganar. Sa kunne.

Lasisin makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ba ya ba ka tuƙa kowane jirgi. Kowane samfuri da horonsa, da daloli ake biya, galibi a ƙasar waje. Kamfani ya biya maka, ka sa hannu a takardar bon: shekara kaza ba fita, ko ka amayo kuɗin. Kowa ya ci ladan kuturu, ka san sauran. Kuma ɗaurin gefe ɗaya ne. A Agustan 2020, da korona ta kwantar da jirage, Air Peace ta sallami matuƙa wajen 70, Bristow ta sallami matuƙa da injiniyoyi wajen 100. Duk wanda ya ga wannan, ba ya sa hannu da rawar jiki.

To shi yaronmu mataimaki ne, ya daɗe da wuce sa'a 1,500 da ake nema don babban lasisi, kujerar hagu ta kyaftin a 737 tana gab da shi. In ya koma babban jirgi, kujerar dama zai sake zama, ya bi sabon layi. Sa'o'in kyaftin kuwa su ne hajar da ake saye da daraja a waje. Kamfani irin flydubai da 737 ya ginu, kuma can Dubai ba a yanke haraji a albashi.

Bon ɗinsa na farko ya kusa cika. Wa ya fi kowa sanin ranar? Ofis. Sai kwatsam aka tuna da shi, aka kira shi, har da shayi, aka ajiye masa sabuwar takarda. Ruwa ba ya tsami banza. An ce ya karanta ta tsaf, ya yi godiya, ya ce zai yi shawara da iyali. Matar da gwaggo ke zargi ko labarin tayin ba ta ji ba sai a bakin mutane.