Ai Yara Ne, A Cinya Za Su Zauna

Maƙwabcina ya tare ni ranar Talata bayan Magariba da wata takarda da ya yago daga littafin ɗansa, wai in duba masa kasafin tafiya hutu. Shi da uwargida da amarya da yara bakwai za su bar Abuja su je ƙauyensu can gaba da Kano. A layin kuɗin mota ya rubuta kujera huɗu. Na ce, "Alhaji, sauran shidan fa, a ƙasa za su biyo ku?" Ko a jikinsa ya ce, "Ai yara ne, a cinya za su zauna."

Babban cikin yaran nan na san shi. Yana ajin ƙarshe a sakandare, gemu ya fara leƙo masa, kuma shi ke jan mu salla duk ranar da liman ya makara.

Babu inda shekaru ke zubewa irin tashar mota. Saurayin da a gida ake masa gorin ya isa aure, da an iso Zuba sai ya koma wanda aka yaye bara. Ɗan kamasho zai dube shi sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, wannan ai ya isa ya tuƙa motar." Hajiya ta rantse girman jiki ne kawai, gadon dangin ubansa. A juya a tambayi yaron, ya buɗe murya kamar ta mai gidan haya a ƙarshen wata ya ce, "Shekarata tara."

To cinyar wa? Uba ya riga ya shige gaba ya ja ƙofa. Uwa na da goyo da kular abinci. Saura kai, bawan Allah da ka biya kuɗin kujerarka cif. "Malam, don Allah ɗan riƙe min shi zuwa Tafa." Tafa ta wuce. Kaduna ta wuce. A Mararrabar Jos ya yi barci, a Zariya ya farka ya nemi rake, kafin Kwanar Dangora ka daina jin ƙafarka ta hagu. Tafiyar kusan kilomita 400, a titin da tun 2018 ake gyaransa, kowane rami ku faɗa tare, shi a sama kai a ƙasa. Ka sauka a Unguwa Uku kana ɗingishi, ladan aikinka "Allah ya bar zumunci", alhali ko sunan juna ba ku sani ba. Ni shawarata ga ƙungiyar direbobi, a fito da tikitin cinya kawai, ta dama da kuɗinta, ta hagu da nata, mai ƙiba a ƙara masa wani abu.

Na san abin da za a ce: rayuwa ta yi tsada. Gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, daga nan ba ta sake waiwayowa ba. Amma a takardar nan dai akwai sabon ɗinki na mutum goma, da sabbin kuɗin da za a saya a hannun 'yan canji a raba, don a ce Alhaji ya samu Abuja.

Layin abinci kuwa sifili ya zana, har da ƙawata shi. "Ai gida za mu." Wato rumbun tsohuwarsa. Wato zakaran da take kiwo tun damina, da akuyar da ta ajiye saboda ranar ciwo. Wato matan ƙannensa su tashi da asuba su ja ruwa, su hura wuta, su tuƙa tuwon ƙarin baki goma har mako biyu, yaran birni kuma su ce ba sa shan na rijiya sai na leda. Ranar komawa a ɗaure masa buhun masara da man gyaɗa da daddawa da kuka, ya dawo yana ba mu labarin yadda ya iya tsimi. Tsohuwar da ba a taɓa nuna wa takardar ba ita ta biya.

Abin da zai kai mata fa? Burodi. Wannan ma wani ya taimaka ya faɗa min wanda ya wajabta shi. Ƙauyen nan akwai mai shayi, akwai mai kawo burodi a babur kullum da safe, amma sai an tsaya a hanya an sayi tuli, an cusa shi bayan kujera rana na dukansa, an ɗora jaka a kai, an ɗora wata. Ya isa gida a lanƙwashe, faɗinsa ya fi tsawonsa. A yanka a aika gidan mai gari, gidan liman, gidan surukai, kowa ya samu yankin da ake hango fitila ta cikinsa, sannan a aiko yaro ya zo godiya, shi ma a ba shi kuɗin alawa.