Kek ɗin Adalci

A gidanmu na Matazu, idan maganar fulawa ta taso ni ake nema. Cincin, dublan, alkakin gara, duk hannuna ya saba da su, kek kuma tun ina 'yar makaranta nake gasa na gwangwanin madara. Wannan sunan ne ya ja mini. Ana cikin goman ƙarshe na azumin 2024 Yaya ya kira ni zaure ya ce kek yake so na Sallah, amma ba 'yan mitsi-mitsin nan ba. Guda ɗaya shimfiɗeɗe a tire, wanda iyalinsa za su taru su ci don a ƙara haɗa kai. Yaya kuwa mata biyu gare shi.

"Auta, ki tambayi kowacce abin da take so, ki yi mata a ɓarinta. Ni dai adalci nike so."

Uwargida ta ce citta da kanumfari, don ita ba ta ga amfanin abin da za a ci bai gyara maƙogwaro ba. Amarya, 'yar Funtua, ta ce cakulan, kuma kada in kuskura in zuba mata Milo in ce na yi, garin ainihi take so, baƙin nan mai ɗaci.

Da sun haɗa baki don su karya Yaya, ba za su zaɓi abin da ya fi wannan ba. A daminar 2023 wata cuta ta ruɓar da gonakin citta a kudancin Kaduna, wajen su Kachia da Jaba inda mafi yawan cittar ƙasar nan ke fitowa, har mai shayi ya fara ƙirga yanka. Shi kuma kokon da ake yin cakulan da shi, a watan Maris na 2024 tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, abin da ba a taɓa gani ba, saboda amfanin ya lalace a Ghana da Kwaddibuwa. Na zaga shagunan garinmu ban samu garin ba, sai direba aka ba sautu daga kasuwar Singa ta Kano. Da Yaya ya ji lissafi sai ya yi shiru, can ya aika a ɗauko buhun masara daga sito. Uwargida kuma da ta ji kayan amarya sun fi nata tsada, ta aiko a gaya masa ba ta da matsala, a ba ta cikon a hannu.

Ranar jajibere na kwaɓa, da rana tsaka, don da dare tukunyar tana da aikin shinkafar Sallah. Ba mu da oben, irin gashinmu na gado na yi: babbar tukunyar biki, a zuba yashi a gindinta ya ɗau zafi, a ɗora tire, a rufe da faifan ƙarfe, a baza garwashi a sama. Na buga bota da sukari da muciya har suka yi fari, na fasa ƙwai, na zuba fulawa da bekin foda, na raba kwaɓin gida biyu da ludayi, a gaban shaidu. Kowacce ta turo ɗanta ya tsaya yana ƙirgawa. Ga azumi a bakina, babu halin in lasa in ji ko cittar ta yi, sai na riƙa miƙa wa wata 'yar shekara huɗu cokali. Duk abin da aka ba ta, "Da daɗi, Gwaggo, ƙaro."

Tsakiyar tiren na auna da zare, na kafa kwali na raba. Garin cakulan shan ruwa gare shi, yana sa kwaɓi ya yi tauri, dole a sassauta shi da madara. Na sassauta. Ashe ɗaya daga cikin duwatsun murhu ya ɗan nutse, tukunyar ta karkata. Ina zare kwalin, sai ga baƙin kwaɓin amarya yana tafiya a hankali, cikin natsuwa, yana shiga yankin uwargida. Duk wanda ya taɓa ganin maƙwabcin gona yana matsar da gambar kan iyaka taki ɗaya kowace damina ya san irin tafiyar. Na yi maza na rufe kafin shaidu su leƙo.

Kek na son wuta daidai, sama da ƙasa, kuma ba ya son a yi ta buɗe shi. Na bar shi na tafi sallar la'asar. Ɗan uwargida, yaron kirki mai kishin uwarsa, ya ji na ce zafi ne ke sa kek ya tashi. Ya kwashe garwashin da ke ɓarin amarya kaf ya tara a na uwarsa. Da na dawo na ɗaga murfi, ɓarin citta ya yi tozo ya dare biyu, samansa baƙi ƙirin, ɓarin cakulan kuma na soka tsinke ya fito jiƙe sharkaf. Yanzu duka ɓangarorin baƙaƙe ne, sai da hanci ake gane na wace. Na mayar da wutar ɗaya gefen, na kankare ƙunar da wuƙa, na ce ayisin zai rufa asiri.

Ayisin ɗin bota na yi da safiyar Sallah, Laraba 10 ga Afrilu: fari ga uwargida a dama, ruwan ƙasa ga amarya a hagu. Na ja layi a tsakiya daidai inda zare ya nuna, ba inda kek ɗin ya yanke wa kansa ba. Na ɗura sauran a leda, na huda kusurwa, na rubuta BARKA DA SALLAH. Wallahi da ƙarfe takwas na safe ko a Kaduna aka ajiye shi ba zai ji kunya ba.

Sai dai bota ba ta san Sallah ba, zafin bazara ta sani. Babu wuta, firjin Yaya ya koma ma'ajiyar kwanuka. Na ajiye tiren gindin randa na rufe da kwando. Kafin a sauko daga idi, a gama gaishe-gaishe, a ci tuwo, rana ta take. Da aka buɗe a tsakar gida gaban Inna, farin da ruwan ƙasan sun narke sun auri juna, rubutun ya zame ya koma wani abu mai kama da BAKA SALA.

Amarya ce ta fara. "Gwaggo, tun da safe na gani na yi shiru. Ita haruffa shida, ni biyar."

Uwargida ba ta tanka ba, wuƙa ta ɗauka ta yanka a can cikin yankinta, ta ɗaga yankan sama kowa ya gani. Baƙi ne har ƙasa.

"Inna, ki gani da idonki. Har cikin ɗakina."

Inna ta sa a kawo mata tiren gabanta. Ta ɗanɗana dama, ta yi tari, don cittar da 'yar shekara huɗu ta amince da ita ta isa kunun unguwa guda. Ta ɗanɗana hagu, ta ce wannan ko maganin shawara sai haka. Sannan ta yanke hukunci: gefen dama na uwargida, gefen hagu na amarya, tsakiyar nan kuma da ba citta ba ba cakulan ba, mai faɗin tafin hannu biyu, ta wanda ya kawo shawarar ce, kuma a nan zai zauna ya cinye. Matan biyu, waɗanda rabon da su yarda da magana ɗaya tun bikin amaryar, suka ce Inna ta yi gaskiya. Ɗaya ta kawo masa tabarma, ɗaya ta kawo ruwa.

Yaya ya ci, gumi na zuba, yana cewa Alhamdulillahi bayan kowace loma. Da yamma zan tafi ya rako ni har ƙofar gida, abin da bai saba ba. Ya waiga dama da hagu, ya rage murya.

"Auta, tambaya ce kawai, kar ki kai ta ko'ina. Tiren nan naki, zai rabu uku?"