Dokin Taubashina Ba Shi da Ƙafafu

Taubashina na Bungudu, barka da aiki, ko in ce barka da ɓarna. Labarin dokin da ka zana a bangon wani shagon sirdi da linzami a Gusau ya iso mana Tsafe a bakin direbobi, kowa da irin dariyarsa. An ce ko bismilla ba ka ƙarasa ba ka tsoma buroshi cikin fenti. Ka yi masa kai na alfarma, har da kwalliyar hawan salla, ka gangaro wuya da ƙirji, sai bango ya ƙare. Da mai shago ya tambayi ƙafafu, wai ka ce dokin yana ƙetare gulbin Sakkwato ne da damina. To ina ruwan? Shuɗin fenti ma ba ka saya ba.

Ba sai na kai ka nesa ba. Dubi babbar rigar da kake ta saɓa hannunta ranar Juma'a. Kafin allura ta taɓa ta, sai da mai zane ya shimfiɗa yadin, ya ɗauki alƙalami da tawada ya fitar da zanen aska takwas da tambari, sannan maɗinki ya bi sawunsa har watanni. Kuskuren tawada a gyara shi nan take. Kuskuren zare kuwa sai warwara. Haka mai zayyanar allon sauka, sai ya auna, ya ja layuka, ya raba allon gida-gida, kafin ja da kore da rawaya su shigo. Mu maƙwabtan 'Yandoto, garin da ya yi suna da malamai tun kafin jihadi, da wannan muka buɗi ido. Ku dai ban san inda kuka tsaya ba da ake rabo.

Ko masu rubuta allunan shaguna a Tudun Wada, da ka zauna kusa da ɗayansu ka ga abin da ake kira sana'a. Zai shafa wa igiya alli, ya ɗaure ta, ya ja ya saki, layi ya fito sak. Ya ƙirga baƙaƙen har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, ya nemo tsakiya, ya zana komai da alli, ya ja da baya ya duba daga tsallaken titi, don daga can mai saye zai hango. Sai ya gamsu yake buɗe gwangwani. Ya san alli da tsumma ake goge shi, fentin mai kuwa in ya bushe sai an kankare ko an sake shafe bango, kuma kuɗin daga aljihun wani zai fito.

Na san amsarka: wai gwani ba ya awo, baiwa ce. To, Mikelanjelo na Italiya, wanda ya zana rufin majami'ar Sistin a birnin Rum daga 1508 zuwa 1512, sai da ya fitar da siffofinsa a manyan takardu. A huda layukan da tsinke, a manna takardar a jikin ɗanyen shafe, a bubbuga ƙunshin garin gawayi, ɗigo-ɗigon su nuna masa hanya. Shi ke nan bai kai ka baiwa ba, ko?

Yanzu kuma na ji wani mai babbar mota, da ƙarar kwana ta kama aljihunsa, ya ba ka zanen Dutsen Kwatarkwashi da maiki a ƙyauren bayan motarsa. Don Allah ka tausaya wa dutsen nan, a ƙaramar hukumarku yake, kuma motar har Legas take zuwa. Kuɗin sharar bana kuwa, kada ka sa rai da tsaba. Alli da gawayi da igiya zan ba yaron mota ya kawo maka.