Kallon Kyauta Ne, Alhaji, Saki Aljihunka

Shawara ɗaya na kawo, aka yi mini ca. Cewa na yi kowace unguwa ta nemi farin ƙyalle da majigi da ɗan janareto, duk daren Asabar bayan isha'i a haska fim a dandali ko filin firamare, kuma kada a karɓi ko sisin kowa. Na ƙara da cewa finafinan gaskiya za a riƙa sawa, irin waɗanda ake kira dokumentari, waɗanda masu su suka ɗauka don ra'ayin kansu, ba da umarnin gwamnati ko na wani kamfani ba. Wasu suka ce tsufa ya kama ni, ina kewar zamanin En'e. Wasu suka ce an saye ni. Da na duba inda yawancin ƙorafin ya fito, sai na ga Kano ce. Ban yi mamaki ba. Ni Bazazzagi ne, na san halin bayina.

Bari in fara da kai, Alhaji na Kwari, tunda muryarka ta fi ta kowa. Ka ce banza ba ta kai zomo kasuwa, duk wanda ya tara mutane ya ƙona mai bai karɓi kuɗin shiga ba, to akwai abin da yake nema. Ranka ya daɗe, Bakano ne kaɗai za a ce masa "bismilla" ya tambayi nawa ne kafin ya zauna. Amma a nan zan ba ka rabin gaskiya, domin zargin nan naka gado ne. A 1939 Turawan Ingila suka kafa sashen yin finafinai don ƙasashen da suke mulka, kuma motar majigi ta yi ta zaga ƙasar Hausa shekara da shekaru. A tsaya a ƙofar hakimi, a kafa ƙyalle, mai lasifika ya yi ta bayani: ga yadda ake tsaftar gida, ga amfanin rigakafi, ga yadda ake noman auduga da gyaɗa. Tsofaffi har yau suna tuna fim ɗin Baban Larai. Da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, motar ba ta daina yawo ba, sai dai fuskokin da ke kan ƙyallen suka canja, aka koma nuna Sardauna yana buɗe ayyuka. Kyauta ne, tabbas, amma ba a taɓa tara kakanka don a ji ra'ayinsa ba. An tara shi ne don a faɗa masa abin da zai yi.

Kuma ba na ɓoye maka, da yawa daga cikin finafinan da nake zugawa da kuɗin tallafi daga Turai aka ɗauke su. To ina bambancin? Fim ɗin majigi ya san ƙarshensa tun kafin a kunna kyamara: malalacin manomi zai yi nadama, mai bin shawarar malamin gona zai sayi keke. Shi kuwa mai fim ɗin gaskiya yakan bi mutum wata da watanni bai san inda lamarin zai kwana ba. Sannan in an gama haskawa, ba za a naɗe ƙyalle a watse ba, lasifika ce ke zagayawa. Idan ka hango ƙugiya a cikin abin da aka nuna, sai ka miƙe ka nuna mana ita a gaban kowa. Wannan dama kakanka bai same ta ba. Af, kuma tunda kana tsoron kada a ci da guminka a ɓoye, mu ci a fili: yadi biyar na farin yadi muke so daga shagonka, mai kauri, ba wanda rana ta ci a bakin ƙofa ba.

Sai kai ƙanena na Fagge, da ka ce fim ɗin da babu rawa, babu waƙa, babu jarumi, ai maganin barci ne. Yaro man kaza. Ka taɓa jin sunan Sani Magori? Mutumin Galmi ne a Nijar, garin da albasarsa ta yi suna a duk Afirka ta Yamma, kuma harkar noma ya karanta kafin ya ɗauki kyamara. A 2008 ya fitar da fim a kan albasa. Na san ka yi dariya. Ci gaba da dariyarka, amma ka ji labarin: wani manomi ne ke da 'ya, an sa mata rana, bikin kuma ya dogara kacokan a kan abin da albasar bana za ta kawo. Da kakar albasa kowa ya kwashe tasa a lokaci guda, farashi ya faɗi warwas. In ya sayar yanzu, kuɗin ba zai kai ko'ina ba. In ya ajiye yana jiran tsada, albasa ba ta san alkawari ba, ruɓewa take yi. Ga saurayi yana jira, ga yarinya tana jira, ga surutun gari. To gaya mini, mene ne finafinan da kake kwana kallo suke yi in ba zancen aure ba? Sai dai a can mugun wani attajiri ne mai jan hula da ƙatuwar mota, a nan kuwa mugun farashi ne, ba ya gyara zama, ba ya tuba a ƙarshen fim.

Waƙa kuwa, tunda ita ce matsalarka, Magorin nan ya sake yin wani mai suna Kukan Kurciya a 2010, kuma ban san fim ɗin da ya ɗauki waƙa da muhimmanci kamarsa ba. Akwai wata zabiya a yankinsu da a zamanin ƙuruciyarta waƙoƙinta ke tunzura samari su bar gida su tafi nema bakin teku, wanda ya zauna a ƙauye ya ji kunyar kansa. Maza suka yi ta kwarara, wasu ba su sake waiwayo ba, har da mahaifin mai fim ɗin, wanda ya yada zango a Abijan. Sai ɗan ya je ya sami tsohuwar ya ce mata, muryar da ta kore su ita za ta dawo da su. Ya ɗauke ta, suka kama hanya har Abijan, ta je ta yi wa mazan waƙar komawa gida. Ka nemo mini marubucin da zai zauna a ɗaki ya ƙago wannan. Kuma duk gidan da yake da ɗa a Legas ko Kurmi ko Libiya, wanda sai da Sallah ake jin muryarsa, ba sai an yi masa fassarar fim ɗin nan ba.

Hajiya, ke kuma naki ƙorafin ya fi nauyi, don haka zan rage wasa kaɗan, ba duka ba. Kin ce waɗannan finafinai tonon asiri ne, a ɗauki talaucinmu da cututtukanmu a kai wa Turawa su yi ta tsaki. Akwai irin waɗannan, wanda baƙo zai sauka kwana uku ya ɗauki yaro da ƙuda a ido ya koma. Ba su nake nufi ba. A'isha Macky nake nufi, 'yar Damagaram. A 2016 ta yi fim a kan rashin haihuwa, kuma asirin da ta fara tonawa nata ne: ita ce matar auren da ba ta samu haihuwa ba, ta juya kyamara kanta, ta kuma zauna da wasu matan da ake yi wa gori irin nata. Kin san yadda abin yake a gidajenmu. Matar ake kira juya, ita ake ɗora wa jiƙe-jiƙe, ita ake yi wa kishiya, maigidan kuwa in aka ce ya je a duba shi sai ya ce ana neman raina shi. Wannan ba asiri ba ne, Hajiya, kowa ya sani, faɗa ne kawai ba a yi a gaban maza. Fim ɗin ya ci lambar yabon finafinan Afirka ta AMAA ta wannan shekarar a rukuninsa. Ni dai fatana ki zo ki zauna a sashen mata, idona kuma yana sashen maza, in ga wa zai fara tuna cewa ya bar shago a buɗe.

A 2021 ta sake fitar da wani mai suna Zinder, a kan unguwar Kara-Kara, inda a da can ake ware kutare, yanzu kuma ta zama matattarar gungun samarin da suke kiran kansu 'yan fale. Ga masu ɗaga ƙarfe, ga masu fasa-ƙwaurin fetur daga iyakar Najeriya, ga wanda ya tuba ya koma kabu-kabu yana fama da abin da hannunsa ya aikata. Ba ta zage su ba, ba ta wanke su ba, ta bar su suka yi magana. An nuna shi a Suwizalan, Bature ya zauna yana bin fassara a ƙasan allo yana gyaɗa kai. Ku da za ku ji kowace kalma daga bakin mai ita, ku da kuke da 'yan daba a bayan gida, ba ku gani ba. Kanawa, abin kunyar ma biyu ne, domin 'yar gidan abokan wasanku ce ta yi. Wannan dai ba na yara ba ne, sai a jinkirta shi zuwa daren manya.

Malam, Allah ya gafarta, ka ce sinima gidan ashararanci ne. Na san tushen maganar. Tun gobarar sinimar El-Duniya a Kano a 1951, wadda ta ci mutum fiye da 300, mutane da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara. Amma ko a wancan zamanin ba a haɗa majigi da sinima ba. Shi a fili ake yin sa, a ƙofar masu gari, mata da yara suna nan. Haka za mu yi: da sanin mai unguwa, da izinin hukumar tace finafinai inda take, maza gefe, mata gefe, fitila a kunne a baya. Kujerar gaba taka ce. Ranar da za ka zo ma na zaɓa maka fim: Duniya Juyi Juyi, wanda wasu almajirai suka shirya da hannunsu a Kano a 2011, rabi wasa rabi labarin rayuwarsu. Na tabbata ba za ka rasa abin cewa ba, sai dai mu roƙe ka ka sakar mana lasifikar kafin man janareto ya ƙare.

Masu cewa ai kowa yana da waya, amsarku gajera ce. Ku da kanku kuke biyan kuɗi ku cunkushe a gidan kallo, cikin zufa, don ƙungiyar ƙwallon da ba ta san da zamanku ba, alhali wasan yana cikin wayar taku. Ashe kun san daɗin kallo cikin jama'a. Masu cewa ba zai yiwu ba kuma, ku leƙa Nijar. Akwai ƙungiyar sinimar tafi-da-gidanka da ake kira CNA, wadda aka kafa a 2001, tana aiki a can da Mali da Benin da wasu ƙasashe. Mota ɗaya, janareto, allo, lasifika. Su shiga ƙauyen da babu lantarki, su fara da abin dariya, su sa fim, a yi muhawara, kuma su yi ta komawa ƙauyen, ba zuwa ɗaya ba. Su ma sukan ɗauko saƙon masu ba su tallafi, Alhaji ya rubuta wannan a littafinsa. Amma sun nuna cewa abin ba ya buƙatar gini ko kwangila. Mu namu benci daga Islamiyya, tabarma daga gida, mai kuma karo-karo. Abu ɗaya ne ba za a yi wa wayo ba: a nemi izinin mai fim. Kyauta ga mai kallo ba ya nufin a je wurin masu tura finafinai a waya a kwaso gumin mutum a naira ɗari.

Matsalar da babu ɗayanku da ya hango, duk da kaifin bakinku, ita ce ta gaske. In muka sa na Magori biyu, na A'isha biyu, muka ƙara da na Amina Weira a kan ƙurar yuraniyom ta Arlit, inda mahaifinta ya yi aikin haƙa, za ku ga kusan duk kayan daga tsallaken iyaka suke. Kano kuwa tun Turmin Danya a 1990 take fitar da finafinai, kyamara ta fi a ƙirga, masu tace hoto kamar ƙasa. Ga marinar Ƙofar Mata, ga kasuwar Dawanau, ga mai garuwan da ke shayar da rabin unguwa shi kuma ya kwana a shago, ga ungozomar da ta karɓi haihuwar layi guda. Baƙi ne ke zuwa su ɗauke su, ku kuna can kuna neman lambun da za a yi rawa. Ku ɗauko mana guda ɗaya kafin damina, za mu haska shi, mu sa sunanku da manyan baƙi. In kuma kun kasa, ku faɗa ba kunya, mu turo muku yaro ɗaya daga Zariya ya nuna muku inda ake dannawa.